Jan layin nan na ƙarƙashin kalma, wa aka ja wa shi?

Mutane iri biyu ne ke ba ni haushi idan aka zo maganar rubutun makaho. Akwai wanda zai ga kuskuren harafi ɗaya a takardarka ya yanke hukunci ai dama makafi ba su iya rubutu ba, sai kuma na biyu, wanda ni a wurina ya ma fi na farko illa, wanda zai ga kuskure goma ya ce Allah sarki a ƙyale shi ai ya yi ƙoƙari. Na farkon ya raina ka a fili, na biyun ya raina ka da murmushi. Ni makaho ne, da kwamfuta da waya nake cin abincina, kuma abin da nake so in faɗa shi ne a riƙe mu da ma'auni ɗaya da kowa wajen rubutu, amma a san cewa kayan aikin da aka miƙo mana ba don Hausa aka ƙera su ba, kuma gyaran wannan ba zai faɗo daga Amurka ba.

Bari in fara da yadda abin yake aiki don na lura da yawa ba su sani ba, wasu ma har yanzu tambayata suke wai wa yake rubuta maka abin da kake sawa a Facebook. Akwai manhaja da ake sa wa kwamfuta ko waya tana karanta duk abin da ke kan sikirin da murya. A Windows akwai JAWS, wadda ta fito tun 1995, ita ta kuɗi ce kuma kuɗin ba na wasa ba, lasisinta na dindindin ya kai dala dubu. Akwai NVDA da wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, suka gina tun daga 2006, ita kyauta ce, Allah ya saka musu, yawancinmu nan ita muke amfani da ita. A iPhone akwai VoiceOver tun 2009, a Android kuma TalkBack. Kana danna harafi tana faɗa maka shi, ka gama kalma ka danna sifes ta karanto maka kalmar gaba ɗaya, in kana so. Har nan lafiya lau.

Matsalar tana farawa ne daga wurin da mai ido bai taɓa tunani a kai ba. Shi in ya yi kuskure a Word, jan layi ne mai lanƙwashe-lanƙwashe zai fito a ƙarƙashin kalmar, tun Word na 1995 ake wannan, ya kai ido sau ɗaya ya ga duk inda ja yake a shafin, ya bi ya gyara cikin minti biyu. Mu kuma shafi ba ya zuwa mana a dunƙule, kalma ɗaya bayan ɗaya yake shigowa ta kunne. Masu manhajojin sun yi ƙoƙari ba laifi. NVDA tana yin wata 'yar ƙara kamar ta ƙudan zuma da zarar ka gama kalmar da ba daidai ba, kuma in kana bi kana karantawa za ta ce maka nan akwai kuskure kafin ta faɗi kalmar. A Word in ka danna F7 tagar gyara za ta buɗe, in ka danna Alt da F7 zai yi tsalle ya kai ka kuskure na gaba ya buɗe maka jerin kalmomin da yake zaton su kake nufi. Masu JAWS suna da Alt da Shift da L, ta jero musu duk kurakuran takardar a wuri ɗaya. A iPhone kana murza yatsu biyu a kan gilashin kamar mai neman tasha a rediyo har ka iso wurin kalmomin da aka yi kuskure, sai ka riƙa shafa sama ko ƙasa tana kai ka wurinsu. To amma ko an ba ka jerin gyara bai ƙare ba, saboda kalmomi ukun da aka ba ka ka zaɓa sau da yawa duk sauti ɗaya gare su a kunne, dole ka sa ta baƙaƙe maka kowace ɗaya harafi-harafi. A NVDA lamba 5 ta gefen dama na kibod in ka danna sau ɗaya ta faɗi kalmar, sau biyu ta baƙaƙe, sau uku ta baƙaƙe irin na sojoji da matuƙan jirgi, Alfa, Birabo, Delta, saboda b da d da p da t a bakin na'ura mai gudu kusan abu ɗaya ne. Wasiƙar shafi ɗaya da abokin aikina zai duba yana kurɓar shayi, ni sai na zauna na natsu na toshe kunne da iyafis.

Kuma wannan duk Turanci nake magana fa, inda aka yi mana gata. Ko a can ɗin ma akwai abin da na'ura ba ta kamawa da sauƙi, their da there duk kalmomi ne na gaskiya kuma kunne ba ya raba su, wanda bai taɓa sanin cewa biyu ne ba zai shekara yana rubuta ɗaya a wurin ɗaya.

Yanzu dawo Hausa ka ga ikon Allah. Buɗe Word da aka saita da Turanci, kamar yadda kusan duk kwamfutar da ke ofisoshinmu da shagunan buga takardu take, ka fara rubuta Assalamu alaikum, bayan gaisuwa mai yawa. Kowace kalma kuskure ce a wurinta. Ƙarar nan ta ƙudan zuma ba za ta tsaya ba, kalma ɗaya ƙara ɗaya, in ka koma karantawa kuma kafin kowace kalma sai an ce maka kuskure, kuskure, kuskure, har kanka ya fara ciwo. Abin da kowa yake yi shi ne ya shiga wurin zaɓen harshe ya sa alamar kada a duba rubutun kwata-kwata, ko ya kashe sanarwar daga NVDA ɗin. Shi kenan ka huta da hayaniya amma ka koma ba mai tsaronka, duk kuskuren da ka yi naka ne sai in ka bi harafi-harafi da kibiyar dama tun daga bisimilla har wassalam.

Sai kuma muryar kanta. Yawancinmu da muryar Turanci muke sauraren Hausa, wato Baturen da bai taɓa zuwa Kano ba shi ke karanta maka saƙon mahaifiyarka. Kalmar ce sai ya karanta ta kamar si, tsaya ya rasa yadda zai yi da tsa ɗin, shine da mutane ke haɗewa ya karanta maka ita da ma'anar walƙiya ta Turanci. Da yau da gobe kunne yana sabawa, mu da muka daɗe muna gane wannan gurguwar Hausar da gudun da in mai ido ya ji zai ɗauka rediyo ce ta lalace. Amma sabawa da ita daban, iya kama kuskure da ita daban. In muryar dama can karkatacciya take karanta daidai, ta ina za ka gane ta karanta ba daidai ba?

Inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa inda mu muke sa 'y. Ya danganta da muryar da ka ɗora, wata in ta iso kan ƙ sai ta yi shiru kamar ba komai a wurin, ka ji ƙasa ta koma asa, wata ta karanta ta kamar k zalla, wata kuma ta tsaya tsakiyar kalma ta yi maka dogon bayani da Turanci wai ƙaramin harafin Latin mai ƙugiya sannan ta ci gaba. Wadda ta karanta kamar k ɗin ita ta fi daɗin saurare kuma ita ta fi haɗari, don ba za ka taɓa sanin ko baki ka rubuta ko baƙi ba, ko ka ce an yi faɗa alhali fada kake nufi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin mai rubuta labari ko ɗalibin sashen Hausa da malaminsa zai zare masa maki a kan kowace lanƙwasa. Ita ma 'yar alamar da ke gaban 'ya'ya haka, in ba ka ɗaga matakin karanta alamomin rubutu ba ba za a faɗa maka tana nan ko ba ta nan ba, in ka ɗaga kuma kowane waƙafi da aya sai an ambata maka shi.

Akwai dabarar da nake ba duk wanda ya tambaye ni. A cikin saitin NVDA akwai wurin da ake gyara yadda take furta alamomi, za ka iya ƙara harafi da kanka ka rubuta abin da kake so ta ce. Ka sa ƙ ka ce ta riƙa cewa ka mai lanƙwasa, ka yi wa ɗ da ɓ haka da manyansu, sannan ka saita matakin a kan harafi kaɗai don kada ta riƙa katse maka kalma. Daga nan in kana bi ɗaya-ɗaya za ka ji su sarai. Yana aiki, amma ka duba fa, kowane makaho sai ya zauna ya yi wannan da hannunsa a kwamfutarsa, in an yi mata fomatin ya sake daga farko. Abin da mutum biyar masu ilimin kwamfuta za su yi sau ɗaya kowa ya huta.

Waya kuma nata salon daban. Gboard, manhajar rubutu ta Google, yana da kibod na Hausa da haruffan nan duka, wannan ci gaba ne na yarda. Amma da yawa wayarsu a kan kibod na Turanci take da gyara-da-kanka a kunne, kana rubuta ina ya raba maka ita biyu, ka rubuta sunan mutum ya musanya da wata kalmar da ba ka taɓa ji ba. Mai ido yana ganin lokacin da kalmar ta canza a gabansa ya mayar, mu sau da yawa sai bayan saƙo ya tafi wani ya turo alamar dariya. Shawarata kullum a kashe shi kawai.

Na san abin da wasu za su ce, to ka yi ta tura saƙon murya mana, wa ya matsa maka da rubutu? Ai WhatsApp ya kawo sauƙi. Haka ne, hira da 'yan'uwa da murya nake yi ni ma. Amma ba a neman aiki da saƙon murya, ba a rubuta furojet da shi, ba a cike fom ɗin banki da shi. Ka ɗauki maganar suna kawai. Muhammad, Muhammed, Mohammed, Mohammad, duk abu ɗaya ne a kunne, amma duk wanda ya taɓa fama da bambancin suna tsakanin NIN da BVN ya san harafi ɗaya zai iya sa ka yi wata kana zarya. Tun 2021 JAMB ba ta rajista sai da NIN. Makahon da bai saba sa na'ura ta baƙaƙe masa sunansa ba, ya dogara da yaron kafe ya karanta masa da baki ya ce eh daidai ne, shi ne zai zo ya sha wahala daga baya. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na gurabensu, to in an ba ka gurbin me za ka yi a ofis in ba rubutu ba? Na taɓa zama a gaban wani kwamitin ɗaukar aiki, ɗaya daga cikinsu ya ɗaga takardata yana juyawa ina jin ƙarar ta, ya ce wa na kusa da shi, ba ni ba, wai ka ga babu kuskure ko ɗaya, ko wa ya rubuta masa. Ina zaune a wurin fa.

Wannan tunanin yana da tushe a al'adarmu. Mun san makaho da hadda, mun san shi da zaƙin murya da baiti a kasuwa da ƙofar masallaci, har sarautar Sarkin Makafi muna da ita, amma ba mu saba haɗa shi da alƙalami ba. Shi ya sa iyaye da yawa, har da malamai, da suka ga waya tana magana sai suka ce shi kenan an huta da Burel, wato rubutun makafi da ake karantawa da yatsa, a ba yaro waya ya saurara. Ni ina ganin wannan babban kuskure ne kuma yaran ne za su biya. Rubutun ɗigo shidan nan da Louis Braille ya ƙirƙira a Faransa a 1824 shi kaɗai ne hanyar da makaho yake taɓa kalma yadda mai ido yake ganinta, ya ji a yatsa cewa sannu n biyu ce, ya ji inda aka raba kalma da inda aka haɗe, ya san aya da waƙafi abubuwa ne masu wurin zama. Kuma ba baƙon abu ba ne a nan, makarantar makafi ta Gindiri a Filato tun 1953 take, ga Tudun Maliki a Kano, Hausa ma tana da nata tsarin Burel ɗin. Duk wanda ya yi mu'amala da mu zai gaya maka yana iya bambance rubutun wanda ya taso da Burel da na wanda da kunne kaɗai ya yi karatu. Ba fin basira ba ne, ɗaya ya taɓa kalmomin ɗaya bai taɓa ba. In ka ji ɗan'uwana makaho yana cewa ai Burel tsohon yayi ne, sau da yawa bai samu an koya masa ba ne, irin ta makahon da ya rasa ido ya ce ido wari gare shi.

Akwai na'urar da ake jona wa kwamfuta tana tura ƙananan ƙusoshi sama suna zama haruffan Burel layi-layi, da ita gyaran rubutu ya zama wasa, kana shafa yatsa ka ji kuskuren ka danna maɓallin da ke samansa ka gyara. Mai gurbi 40 dubban daloli ce. An yi masu sauƙi irin Orbit Reader 20, ita ma ɗaruruwan daloli. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira dubu 70 tun 2024, wa zai saya wa ɗansa? Amma jami'a za ta iya sayen biyar ta ajiye a laburare, kuɗinsu bai kai na motar shugaban sashe ɗaya ba. Kuma mu ba 'yan kaɗan ba ne, binciken ƙasa kan makanta da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya gano kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, sama da mutum miliyan ɗaya, kuma abin ya fi yawa a Arewa, ga yanar ido ga hawan jinin ido ga amosani. Da yawansu da idonsu suka yi karatu suka yi aiki, daga baya ya tafi, su ma suna buƙatar ci gaba da rubutu.

Abin da nake nema daga masana bai fi ƙarfinsu ba. Na farko murya mai furta Hausa da kyau, mai raba k da ƙ, wadda ba ta da nauyi kuma ba ta buƙatar data, don muryar da sai da intanet take magana ba ta da amfani ga mai danna harafi yana jiran amsa nan take. Sai ƙamus na duba rubutu. Hunspell, injin da LibreOffice da Firefox da Chrome suke duba rubutu da shi, buɗaɗɗe ne kowa zai iya sa masa harshe, abin da yake buƙata jerin kalmomi ne da dokokin ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake liƙa wa kalma a gaba ko a baya. Kalmomin kuwa muna da su, Bature Bargery ya tara dubbai a ƙamusunsa tun 1934, Jami'ar Bayero ta fitar da nata ƙamusun a 2006. Ƙa'idojin rubutu ma an zauna a kansu, har taron daidaita rubutun Najeriya da Nijar aka yi a Yamai a 1980. NVDA kanta harsuna sama da hamsin da ke cikinta 'yan sa-kai ne masu harshen suka fassara, ba wani kamfani ba. Kowace shekara ɗalibai nawa ke kammala digiri a Hausa da kimiyyar kwamfuta a Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina suna rubuta furojet ɗin da ƙura za ta cinye a kan kanta? A haɗa biyu daga nan biyu daga can, a sa makaho ɗaya a cikinsu ya riƙa gwadawa, don in babu shi za a yi abin da ya yi kyau a ido ne kawai. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa NITDA da hukumar masu buƙata ta musamman da aka kafa a 2020 su sa kuɗin, ai cikin aikinsu yake.

Ku kuma masu ido da kuke rubutu a intanet, kuna da naku kason, kuma naku ba ya cin ko sisi. Mu daga rubutunku muke koyon yadda ake rubuta kalma, in mun ji sabuwa sai mu tsaya mu baƙaƙe ta mu riƙe. To in kai ka rubuta xaka yau gobe zaka jibi za ka, wanne zan ɗauka? Slm da ngd da ykk in na'ura ta karanta su kamar mutum ne ya shaƙe. Su kuma haruffan kwalliyan nan da ake kwafowa a sa a suna ko a sitatus, masu kauri da masu kwanciya, a wurin na'ura ba haruffa ba ne alamomin lissafi ne, ko ta tsallake su gaba ɗaya ko ta karanta kowane ɗaya da dogon sunansa, sunan mutum mai harafi biyar ya ɗauki rabin minti. Sanarwar ɗaurin aure, ta rasuwa, ta neman ma'aikata, duk an mayar da su hoto, sai dai a ce maka hoto kawai, ko manhaja ta yi ƙoƙarin tsamo rubutun ta kwaɓa shi saboda Hausa ce. Ranar 26 ga Agusta ma da ake bikin Ranar Hausa ta Duniya, rabin abin da ake yaɗawa fosta ce, karin magana a cikin hoto da zanen dagin Arewa. In ka sa fosta, ka kwafi rubutun da ke cikinta ka liƙa a ƙasa, da lanƙwasarsa da rabe-rabensa yadda ya kamata.

Malamai kuma in ɗalibi makaho ya kawo muku aiki da kuskure ku nuna masa, amma ba da jan biro a kan takarda ba don ba zai gani ba. Ku ce ya turo fayil ɗin, ku rubuta masa a saƙo, layi na kaza ka rubuta kaza, ga yadda ake rubuta ta, harafi-harafi. In ya maimaita a aiki na gaba ku zare makin kamar yadda za ku zare wa na kusa da shi.